Farar Rigar da Na Shanya a Daminar Azumi

Sallama gare ku, mutanen layinmu. Wanda ya buɗe kwanon nan ya ga ƙosai, ya kuma ga takarda a ƙarƙashin murfi, to kada ya nemi sunan magani a jikinta. Magana ce. Ni Hajara nake faɗa, wadda kuka daɗe kuna kira Uwar Lokotoro, ɗiyata ta fari take rubutawa, don ni ko inuwar lakwal, wato makarantar boko, ban taɓa zama ba. Ta ce Hausa ba ta zauna mata a alƙalami kamar Faransanci ba. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba.

Da tatsuniya ce da na ce ku matso kusa. Ba tatsuniya ba ce, don haka kowa ya ji ta daga inda yake zaune.

Ga damina ta sauka a Zongo. Ruwa ya cinye lungu, kwata ta haɗu da hanya, an jera bulo ana takawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Lahadin da ta wuce muna gidan suna, mata mun cushe a rumfa, ruwa yana dukan kwanon rufi har ba a jin maganar na kusa sai an ɗaga murya. Yarinyar tana raba shinkafa. Haka nake kiran ɗiyata, Yarinyar, ko da yake furfura ta fara fito mata, kun san uwa ba ta kama sunan 'yar fari. Sai ruwan ya tsagaita farat ɗaya, maganar wata amarya ta fito fili, wadda lokacin da abin ya faru ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa ba. Tana ce wa ta kusa da ita, "Waccan ce fa ta ba Iya Gambo maganin da ya kashe mata hannu. Shi ya sa aka kore ta."

Yarinyar ta ji. Ta zuba wa amaryar shinkafa, ta ɗora mata nama biyu, ta wuce gaba. Ni kuwa na ture farantina gefe. Tun ranar ban ci abinci ya sauka ba.

Saboda yaran da suka taso daga baya, bari in soma daga farko.

Akwai babban kantin nan na can wajen teku, mai sanyi a ciki kamar randa, inda manya suke tura keken sayayya. A gefensa akwai faramasi, ta kantin ce. Nan Yarinyar ta yi aiki shekara goma sha huɗu, tun bayan da mijinta ya rasu ta dawo gabana da 'ya'ya biyu. Ba likita ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita likita ce ba. Tana jera kwalaye, tana karanta takardar asibiti, tana miƙo abin da aka rubuta. Amma tana sa farar riga. A Zongo kuwa wanda ya sa farar riga ya zama Lokotoro, wato likita, uwarsa ta zama Uwar Lokotoro. Sunan ya yi mini daɗi. Ba zan ɓoye ba, ya yi mini daɗi fiye da sunan da ubana ya raɗa mini.

Ma'aikatan wurin ana yi musu ragi in sun sayi magani. Sai layinmu ya samo hanyarsa. Ba a kawo ordonansi, takardar maganin da likita ya rubuta, a hannu, kada maƙwabta su san ciwon gidanka. Ana naɗe ta a sa a ƙarƙashin murfin kwanon abinci, a aiko mini. Yarinyar ta tafi da ita da safe, ta dawo da magani da yamma cikin ledar faramasi mai koren kuros, ni kuma in mayar a kwanon da ya kawo, in ɗora ɗan abin da muka dafa. Ban iya karatu ba, amma ban taɓa haɗa kwanon wani da na wani ba. Na san kowane murfi da lotsewarsa. Na san kwalaye kuma da launinsu. Har nakan ce wa mata, "Wannan bayan cin abinci ake sha," in ga sun gyaɗa kai, in ji kaina ya yi girma.

A cikin kwanukan nan akwai na Gambo, maƙwabciyata, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara ɗaya aka kawo mu Zongo muna amare, turmi ɗaya muka yi ta daka a ciki har muka tsufa. Tana da hawan jini. Maganinta farin kwali ne mai shuɗin layi, da ɗan hoton zuciya ja a kusurwa.

To, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar damina, yau shekara goma ke nan ko kusa da haka, ana saura kwana huɗu a ga wata, Yarinyar ta shigo gida da azahar. Ba ta taɓa dawowa da azahar ba. Rigar tana naɗe a hammatarta.

Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Inna, kanti ya sayar da faramasi."

Na ce, "To, sai me? Wanda ya sayi shago ai yana buƙatar masu tsaron shago."

Ta ce, "Kwalaye suka saya da kanta, Inna. Ba su saye mu ba. Suna da mutanensu."

Ta ce sun riƙe masu manyan takardu, sauran an tara su a biro, wato ofis, an ba kowa ambulan da ɗan abin sallama, an gode musu. Har da wani dattijo da ya fi ta daɗewa, har da waɗanda suke zaune a sama suna odar magani, tunda babu sauran maganin da kantin zai yi oda. Babu wanda ya yi laifi. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne abin da na binne. Babu wanda ya yi laifi.

Uwa ta gari da ta ce mata ta zauna ta sha ruwa. Ni abin da ya fara fito mini shi ne, "Wa ya gan ki kina shigowa?"

Ta dube ni. Na ce, "Ki bari Salla ta wuce. Azumi ne, kwanuka za su yi yawa, ga tsofaffi, ga masu ciwon suga. Kafin Salla kin sami wani wurin, sai mu ce canji kika yi." Ta ce, "Inna, ƙarya fa ke nan, kuma a watan azumi." Na ce, "Ba ƙarya ba ce, shiru ne." Ba ta taɓa yi mini musu ba tun tana ƙarama. Ranar ma ba ta yi ba.

Aka ga wata, ko in ce aka ji an gani, don sama a rufe take ruf. Azumin damina ba ƙishirwa gare shi ba, yunwa ce mai sanyi, wadda take shiga ƙashi ta zauna. Rana ba ta fitowa balle a ga faɗuwarta, sai mu kasa kunne ga ladan. Ruwa yana sauka daga sama, wani yana tsattsafowa daga ƙarƙashin daɓe, don ƙasar garin nan yashi ce a kan ruwa. Gawayi ya jiƙe, sai an yi ta fifita har ido ya yi ja. Gishiri ya narke a gwangwani. Tabarma tana warin fumfuna, bango yana zufa, kwaɗi suna kuka a bayan ɗaki kamar an biya su.

Kowace safiya Yarinyar takan sa farar riga, ta ɗora mayafi, ta ɗauki takardun mutane ta fita. Ba ta hawa zemijan, don kuɗin babur ya zama na cefane. Da ƙafa take bin faramasi ɗaya bayan ɗaya, daga unguwar Agontinkon har ta Agla, tana tambayar aiki da bakin azumi, tana sayen maganin mutane ba ragi, tana cikawa daga abin sallamarta. Ta dawo da la'asar, rigar ta yi taɓo har gwiwa, yatsun ƙafarta sun yi fari sun tattare. Ni kuma in karɓi rigar in wanke. A damina kaya ba sa bushewa, sai in riƙe ta a kan kaskon wuta ina juyawa, in goge da dutsen guga na gawayi. In ruwa ya ɗan ɗauke kuwa, igiyar waje nake shanya ta, ta bakin ƙofa, inda duk mai wucewa zai gani. Ina da igiya a cikin gida. Ta waje nake zaɓa.

Nama ya fara ɓacewa daga tukunyarmu, sannan kifi. Amma kwanon buɗa-baki bai fasa fita ba. Kun san al'adarmu, kafin magariba kwanuka suna ratsa layi, kuma ba a mayar da kwano wayam. Nakan soya ƙosai goma sha, in rarraba su gidaje, mu a ciki mu jiƙa gari da ruwa mu sha da abin da aka aiko mana. Wata rana babu komai sai albasa guda da ɗan mai, na soya ta ita kaɗai don ƙamshi ya tsallaka katanga. Gambo ta ɗago murya daga can, "Uwar Lokotoro, yau kuma wace dabbar aka kayar? Ki tuna da talakawa!" Na yi dariya na ce, "Ke dai kawo kwanonki, sarkin kwaɗayi." Jikokina suna zaune suna kallon kaskon.

Ran sha biyar ga wata Yarinyar ta dawo tana rawar sanyi. Ta zauna a bakin ƙofa, ba ta ko cire takalmi ba. Ta ce, "Inna, abin sallamar ya ƙare. Daga yau ba zan ƙara karɓar takardar kowa ba. Ko ki faɗa musu, ko ni in faɗa." Ta ce kuma akwai mai faramasi a Agontinkon da ya ce ta dawo bayan Salla, yana ganin zai ɗauke ta. Na ce, "Kin gani? Kwana goma sha biyar kawai." Ta ce, "A'a, Inna." Na ce, "To, ni zan faɗa. Bar mini."

Washegari kwanon Gambo ya shigo. Na ɗaga murfi, ga takarda, ga kuɗin da ta saba sawa, ga tsohon kwalin babu komai a ciki. Na daɗe ina riƙe da shi. Katanga ɗaya ce. Taku goma ne in isa gabanta in ce, Gambo, an sallami yarinyar nan, aika Mamman ya sayo miki a wani wuri. Mamman ɗanta ne, dillalin shanu, ba abin da zai gagare shi. Amma sai na ji muryarta a kunnena tana cewa Uwar Lokotoro, na ga kuma ranar da za ta kira ni Hajara kawai.

Ban nuna wa Yarinyar ba. Na jira ta fita, na ƙulle kwalin a bakin zane, na yafa leda a ka, na nufi kasuwa. Can bayan masu gwanjo na Missèbo a lokacin akwai matan da suke kasa magani a faranti kamar tumatir. Ruwa yana zuba, sun lulluɓe kayan da tamfol. Na nuna wa ɗaya kwalin. Ta tura hannu ta zaro ɗan'uwansa. Na jera su a tafin hannuna, farin ɗaya, shuɗin layin ɗaya, zuciyar ma ga ta ja a kusurwa. Na ce a raina, to mene ne karatun? Ashe abin da Yarinyar take yi ke nan shekara goma sha huɗu. Kuɗin Gambo ya isa har da saura.

A ƙarƙashin katifata akwai ledojin faramasi masu koren kuros da nake tarawa. Na zaro ɗaya, na shafe ta da hannu ta miƙe, na sa kwalin, na ɗora a kwano da ƙosai huɗu. Da hannuna na miƙa ta kan katanga. Gambo ta ce, "Allah ya yi wa Lokotoro albarka." Na ce amin.

Bayan kwana biyar ta fara cewa ƙeyarta tana sara. Na ce azumi ne. Ta ce idonta yana ganin wuta-wuta. Na ce rashin barci ne, ta rage gishiri. Ni da bakina, da muryar nan tawa ta Uwar Lokotoro.

Ran ashirin da bakwai ga wata, bayan azahar, muna dakan gero na furar Salla a rumfarta, ita da taɓarya ni da taɓarya, ɗaya ta sauka ɗaya ta tashi. Sai tata ta sauka ba ta tashi ba. Ta zame daga hannunta ta faɗi cikin ruwa. Na ce, "Gambo, tsufa ya zo ke nan?" Ta juyo za ta rama, bakin ya karkace gefe, maganar ta fito kamar ta mai cin tuwo da zafi. Ruwan ranar ya kai cinya a lungu, babu zemijan da zai shigo. Mamman ne ya goya uwarsa a baya, ya ratsa da ita har bakin titi, ni ina biye ina riƙe da ƙafarta da take lilo.

A asibiti likita ya ce a kawo abin da take sha. Ya duba kwalin, ya murje ƙwaya ɗaya da farce, ta zama gari. Ya ce wannan alli ne, ina kuka samo? Mamman ya ce daga faramasin babban kanti, ga ledarsu. Bai tsaya ba, ya tafi can da ledar. Sababbin masu wurin suka ce ba kayansu ba ne, matar da yake faɗa kuwa ba ta aiki a nan tun kafin azumi. Ba su ce masa don me ba. Shi ma bai tambaya ba.

Ana gobe Salla ya shigo tsakar gidanmu da la'asar, mutane a bayansa, maza a zaure, mata a kan katanga. Rigar tana shanye a igiyar waje. Ya ɗaga ledar sama. Yaro ne mai ladabi, ko a ranar bai zagi kowa ba. Ya ce, "Yaya, ashe an kore ki, kina fita da riga kina yaudarar mu?" Yarinyar ta dubi ledar, ta dubi kwalin. Ta san ba ta taɓa ganinsa ba. Sai ta dube ni, sau ɗaya.

Mamman ya juyo. Ya ce, "Inna Hajara, ke uwata ce. Wa ya sayo wannan?"

Yarinyar ta ajiye alƙalami a nan, ta ce ba sai an rubuta wannan ba. Na ce ta rubuta.

Na ce masa, "Ɗana, ni ban iya karatu ba. Abin da ya shigo hannuna shi nake sawa a kwano."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin kalmomin, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai su ba. Kowa ya juya ya dubi Yarinyar. Ta fita ta bi ta tsakiyar mutane, ta sauke rigar daga igiya, ta naɗe ta jiƙe, ta shige ɗaki. Da na yi shiru ban kare ta ba, mata suka ce kunyar 'yar fari ce, Hajara mai alkunya ce. Na bar su suka ce.

Magana ta riga ta isa Agontinkon. Mai faramasin da ya ce ta dawo bayan Salla ya aiko cewa ya sami wani. Babu wanda ya ƙara ɗaukar ta. Yau gwanjo take sayarwa a Missèbo, kun gan ta. In ta kwance dila farar rigar asibiti ta fito a ciki, ba ta ratayewa, takan miƙa wa ta kusa da ita ta ce ta sayar. Shekara goma tana dafa mini, tana wanke mini, tana shafa mini man zafi a gwiwa, ba ta taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Gambo ta tashi, amma hannun dama bai tashi ba, ƙafar kuma jan ta take. Ko maganin gaskiya da ya hana, Allah ne ya sani. Ni dai na san abin da na sa a kwano. Ni nake yi mata kitso, ni nake ɗaura mata zane ranar Juma'a, ku kuma kuna wucewa kuna cewa, "Ga amana, ɗiya ta ɓata uwa tana gyarawa." Kowace irin wannan magana na karɓa na haɗiye.

Yanzu azumi ya ƙaura zuwa zafi, masu faranti an tashe su daga wurin, yara suna ɗaukar hoton ordonansi a waya su tura, babu mai sa takarda a ƙarƙashin murfi. Damina ce kawai ba ta ƙaura ba. Duk shekara takan zo da warin rigar nan a kan kaskon wuta.

Washegarin bikin sunan nan na shiga wurin Gambo. Na tura ƙofa na rufe, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na faɗa mata duka, tun daga kwalin har ledar. Ta daɗe tana kallon hannunta da ke kwance a cinya. Ta ɗauke shi da na hagu ta gyara masa zama. Maganarta a hankali take fita tun ciwon, sai an jira.

Ta ce, "Hajara."

Rabon da ta kira ni haka tun kafin Yarinyar ta sa farar riga.

Ta ce, "Maganar hannu tsakanina da ke ce, ban san me zan yi da ita ba tukuna. Ki ba ni kwanaki. Amma shekara goma ina kawar da kai in yarinyar nan ta gaishe ni." Ta tsaya ta share bakinta. Ta ce, "Waccan maganar a tsakar gida kika faɗe ta, gaban maza da mata. Wannan kuma kin kawo mini ita ɗaki, kin rufe ƙofa, kina raɗa. Tashi ki buɗe mini ƙofata."

Na tashi na buɗe.

Shi ya sa kwanon nan ya shigo gidanku. Gida goma sha bakwai ne suke aiko mini takarda a da, kwano goma sha bakwai na fitar yau, kowanne da irin wannan a ƙarƙashin murfinsa. Na Mamman ni zan kai da ƙafata. A karanta da ƙarfi, a tsakar gida, amare su ji.

Ba a kori ɗiyata don ta yi laifi ba. Kanti ne ya sayar da faramasi, aka sallame ta tare da 'yan'uwanta. Ni na hana ta faɗa. Ni na shanya rigar a waje. Ni na sayo allin, ni na sa shi a leda. Daga yau kada wanda ya ƙara kira na Uwar Lokotoro.

Kwanon kuma kada a wahalar da kai a sa masa komai, a dawo da shi wayam, na yafe al'ada. Amma kada a aiko shi. Babba ya kawo da kansa, kuma ba ni zai ba, ya sa shi a hannunta, ya dube ta, ya gaishe ta da sunanta. In akwai wanda ya manta sunan saboda daɗewa ana cewa "waccan", to ga shi daga bakin da bai taɓa kama shi ba tun ranar da aka raɗa mata.

Yarinyar ta sake ajiye alƙalami. Na ce zan jira.

Safiyatu. Sunanta Safiyatu, ɗiyata ce ta fari, kuma ba ta taɓa ba kowa maganin banza ba.